Yadda Maɗaci Ya Kusa Ƙarewa a Rumfar Wani Mai Magani a Kumasi

Asalin lamarin

Wanda wannan bayani ya shafa mai sayar da maganin gargajiya ne a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, ta wajen Aboabo. Ba za a faɗi sunansa ba. A unguwa Alhaji ake ce masa, a nan ma haka za a kira shi. A Kumasi aka yanke cibiyarsa. Fataucin goro ne ya kawo kakansa ƙasar Tonawa, wato Asante, mahaifinsa ya kafa rumfar, shi kuma ya gaje ta da buhunanta da masu kawo mata kaya.

Sari yake sayarwa: sassaƙe, saiwa, ganye da 'ya'yan itace. 'Yan mai ganye su saya su kasa a unguwanni, masu haɗa tsimi su saya su dafa, Tonawa masu jiƙa sassaƙe a kwalba su ma sukan zo. Kaya iri-iri ne, amma biyu suka riƙe cinikin. Na farko maɗaci, wanda ake jiƙawa saboda zazzaɓi da ciwon ciki da basir. Na biyu madobiya mai jan ƙaro, wadda masu magani ke ba mai ƙarancin jini.

Su biyun nan ba itatuwan kurmi ba ne. Kurmin Asante na da nasa dangin maɗacin, manyan itatuwan katako, amma wanda mutanen zango suka yarda da ɗacinsa na dajin arewa ne, daga wajen Kintampo zuwa sama. Can masu sassaƙa suke. Su ɓare, su shanya, su cusa a buhu, su ɗora a lorin doya ko na gawayi mai saukowa Kumasi. Alhaji ya duba kaurin ɓawon, ya ɗanɗana, ya biya kuɗin buhu. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma ya taso yana yi. Daga wane itace aka ɓaro, a gonar wa yake, ya rayu ko ya bushe, wannan ba ya cikin ciniki.

2012 zuwa 2016: araha, sannan tsada

Matsalar da fuskar alheri ta shigo. A waɗannan shekaru aka shiga sare madobiya a arewacin Ghana ana lodawa a kwantena zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da jan katakonta. Abin ya samo ƙofa ne daga izinin kwashe itatuwan da aikin madatsar ruwa ta Bui da na titin Fufulso zuwa Sawla suka kayar. Da kasuwar ta buɗe, sai masu injin sara suka wuce bakin titi suka nausa daji. A 2019 ƙungiyar EIA ta Amurka, mai binciken laifukan da suka shafi muhalli, ta ƙiyasta cewa daga 2012 an fitar da fiye da tan 540,000 na katakon madobiya daga Ghana, wato kimanin itace miliyan 6. Gwamnati ta musanta adadin, amma ba wanda ya musanta cewa an yi sara mai yawa.

A rumfar Alhaji abin da aka fara gani shi ne sassaƙe ya yi araha. Gungumen da aka kayar ba mai buƙatar ɓawonsa, yara kan bi bayan masu injin su ɓare kyauta. Hanyoyin da aka fasa don jan gungume kuma suka kai masu gawayi da masu neman maɗaci da kawo wuraren da a da ƙafa kaɗai ke zuwa. Shekara biyu ko uku buhuna suna zuwa fiye da yadda rumfa za ta ɗauka.

Daga nan kaya suka fara canja kama. Ɓawon da a da yake da kaurin yatsa ya koma siriri, na ƙananan itatuwa. Aka fara cika ƙasan buhu da saiwa da ɓawon wasu itatuwa masu kama da shi. Madobiya ta riga ɓacewa, maɗaci ya bi sahu. A daidai lokacin ne kuma masu haɗa barasa mai ɗaci, wadda tallanta ya cika rediyo da jikin motoci, suka shiga kasuwar da ƙarfin jari, suna sayen maɗaci lori-lori. A cikin birane ma abin ya bayyana: itatuwan maɗacin da aka dasa a bakin tituna don inuwa, da yawansu an feƙe musu jiki iya inda hannu ya kai.

Yunƙuri na farko: ƙarin kuɗi

Alhaji ya yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi. Ya ƙara kuɗin buhu, ya kuma fara ba masu sassaƙa kuɗi tun kafin su shiga daji, don kada su kai wa wani.

Watanni kaɗan kaya suka dawo, har da ɓawo mai kauri. Daga baya ne ya gane inda aka samo shi. Mutumin da ya ci bashi, aka ce ya cika buhu goma kafin ranar kasuwa, ba zai tsaya yankan tsiri a itace ashirin ba. Zai samu babban itace guda ya zagaye shi daga ƙasa zuwa iya tsawon tsani. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, ruwa kuwa ta cikin katakon yake hawa. Shi ya sa itacen da aka zagaye kan ci gaba da zama kore na ɗan lokaci, mai wucewa ya ɗauka lafiyarsa lau, alhali saiwa na mutuwa da yunwa a ƙasa. Damina ɗaya ko biyu sai ya bushe, masu gawayi su ƙarasa.

Kafin shekara ta zagayo biyu daga cikin masu kawo masa kaya suka daina zuwa da kuɗinsa a hannunsu. Ba gudu suka yi ba. Manyan itatuwan yankinsu ne suka ƙare.

Yunƙuri na biyu: jiran doka, 2017 zuwa 2019

Daga Janairun 2017 madobiya ta shiga jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗari, wato ba a fitar da ita ƙasar waje sai da takarda. A 2018 ƙungiyar IUCN, mai kare halittun duniya, ta sa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. Gwamnatin Ghana ta sha hana sararta a ɗage a sake hanawa, ta kuma sake ayyana hanin a Maris na 2019. Alhaji da wasu abokan sana'arsa suka sa rai cewa daji zai huta, kaya su dawo. Shi dai ya gyara nasa ɓangaren: ya sabunta rajistarsa a ƙarƙashin dokar masu maganin gargajiya ta shekarar 2000, ya riƙa ba direba takardar kaya.

Abin da ya biyo baya shi ne shingaye suka ƙaru a hanya, kuɗin dako ya hau, wani lokaci buhun maɗaci ya kwana a shinge don an ɗauke shi madobiya. Itace kuwa bai dawo ba. Dokokin nan katako suka sa a gaba, da kwantenar da za ta tsallaka teku. Mai adda da ke ɓare itace a bayan gari ba ya cikin lissafinsu, kuma ba ma'aikacin gandun dajin da zai iya tsaron kowane itace a faɗin arewa.

Akwai kuma wani ƙulli da Alhaji bai sani ba sai a lokacin. A Ghana mafi yawan ƙasa, kusan kashi 80 cikin 100, tana hannun sarakuna da dangogi. Amma tun dokar 1962, itacen katako da ya fito da kansa, ikon ba da izinin sare shi na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonar mutum yake. Manomi ya rene shi, ya kewaye shi da garma shekara da shekaru, wata rana baƙo ya zo da takarda ya sare ya tafi. Wanda ya san haka, in mai sassaƙa ya miƙa masa 'yan sidi, kuɗin Ghana, kan maɗacin gonarsa, da wuya ya ce a'a. Gwamma ya ci wani abu kafin mai injin ya iso.

Yunƙuri na uku: gonar kansa

Gyaran dokar katako na 2002 ya ce itacen da mutum ya dasa da hannunsa nasa ne. Da Alhaji ya ji haka sai ya ce to, zai dasa. Ya karɓi aron fili kamar eka biyu ta wajen Ejura, inda kurmi ya fara sakin jiki, ya sa wani ɗan ƙanensa kula da shi.

Irin farko bai tsiro ba. Iri ne da ya daɗe a rumfa, ƙwayar maɗaci kuwa ba ta jimre ajiya, 'yan watanni a ɗaki mai zafi ta mutu. Karo na biyu ya sayi dashe a leda. Waɗannan sun kama, sai awaki suka ci rabonsu, gobarar daji ta hunturu ta lashe gefe guda. Waɗanda suka tsira kuma tsutsar da ke huda kan maɗaci ta same su, ita ce dai ta daɗe tana hana gandun wannan itace yin kyau a Afirka ta Yamma, masu binciken daji na Fumesua kusa da Kumasi sun jima suna fama da ita. Ga mai neman sassaƙe wannan ba babbar asara ba ce, tun da ba miƙaƙƙen katako yake nema ba, amma tana jinkirta girma.

Abin da ya kashe maganar ba awaki ba ne ba wuta ba. Dangin da suka ba da aron filin ne suka aiko cewa masara da gyaɗa aka ara masa ya noma, ba itace ba. A al'adar wurin, da wurare da yawa a Ghana, baƙon da ya dasa itace mai daɗewa kamar ya kafa hujjar mallakar fili ne. Aka yi zama, aka rabu lafiya, ya bar musu abin da ya rage. Ko da ma ba a yi haka ba, lissafin bai fita ba: dashen da aka sa yau zai haura shekara goma kafin a taɓa ɓawonsa, rumfa kuwa kullum ake buɗe ta.

A tsakanin nan annobar korona ta zo. An rufe Kumasi da kewaye mako uku daga 30 ga Maris 2020, mutane suka koma kan jiƙe-jiƙe da sirace, masu neman maɗaci suka ninka, shi kuwa ba shi da abin ba su.

2021: tafiya arewa

Wani tsohon mai kawo masa kaya, wanda ya yi aiki da mahaifinsa, shi ya ce masa ya zo ya gani da idonsa. Alhaji ya hau motar Wa, ta Techiman da Wenchi da Bamboi da Bole. Bayan Sawla suka sauka suka shiga yamma a kan babur, wajen kogin Baƙin Volta. Ƙauyen ma ba za a faɗi sunansa ba.

A hanya kututture ne da hayaƙin gawayi. Amma dab da ƙauyen akwai wani kurmi ƙarami, bai fi a zagaye shi a ƙafa cikin rabin awa ba, cike da manyan itatuwan maɗaci da kawo da madobiya waɗanda gatari bai taɓa ba. Ba waya, ba allo, ba mai gadi. Wurin tsafin ƙasar ne, yana hannun tindana, dattijon da ke daga zuriyar waɗanda suka fara sare wurin suka zauna. Sarki na mulkin mutane, tindana na riƙe da ƙasa: shi ke ba da fili, shi ke faɗin ranar da ba a shiga daji, shi ke karɓar tara in an keta. Irin waɗannan kurame suna da yawa a arewa, na Malshegu kusa da Tamale sananne ne. A bakin rafi da cikin gonaki ma akwai sauran maɗaci, wasu da tabon adda, amma a tsaye.

Alhaji ya fara da inda ya saba. Ya gaida sarki da goro, ya ga wakilin ƙauyen a majalisar gunduma, ya faɗi buƙatarsa. Aka karɓe shi hannu biyu, aka ce za a duba. Ya koma Kumasi, wata uku shiru.

Limamin ɗan zangon da ke garin kasuwa na kusa shi ya warware masa. Ya ce, "Alhaji, ka gaida mai mutane, ba ka gaida mai ƙasa ba. Da ɗan gari akan ci gari." Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, ni da na je Makka, me zai kai ni gidan mai tsafi?" Liman ya ce ba wanda ya ce ya shiga kurmi ko ya yanka kaza. Maƙwabci ne mai haƙƙi a kan abin da ake nema, a je masa da sallama da goro kamar kowane dattijo. Musulmin Wa da masu riƙe da ƙasa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune tare a kan wannan fahimta.

Aka je. Tindana ya nemi kaza bisa al'ada, Alhaji ya ba da haƙuri ya faɗi dalilinsa, aka tsaya a kan goro da kuɗin gaisuwa. Tsohon bai ji haushi ba. Abin da ya fi damunsa, in ji mai fassara, shi ne masu sassaƙa da ke shigowa da dare ba sallama.

Abin da aka shirya

Zama uku aka yi, da sarki da tindana da masu gonaki da shugabar matan ƙauyen. Ba a rubuta komai ba a karon farko, daga baya malamin makarantar ƙauyen ya rubuta a littafi.

Kurmin tsafi ba a taɓa shi, ko ganye. Madobiya ma an cire ta daga ciniki gaba ɗaya, a ciki ko a waje. Maɗacin gonaki da bakin rafi kaɗai aka yi magana a kai, kuma kowanne aka danganta shi da gidan da ke noma wurin, aka shafa masa alamar fenti. Sai itacen da babban mutum ba zai iya rungumewa hannuwansa su haɗu ba ake taɓawa. Tsiri biyu ake yanka a gefuna masu kallon juna, kowanne faɗin tafin hannu, tsawon kamu biyu, daga saman gwiwa, sannan a shafe ciwon da laka. Ba a komawa itacen sai ciwon ya rufe, kuma ba kafin damina huɗu ba. Saiwa haramun ce. Yanka a ƙarshen damina ake yi, lokacin da ɓawo ke saki da sauƙi kuma akwai ranar shanya. Yawancin ƙa'idodin nan ba Alhaji ya kawo su ba. Tsofaffin ƙauyen haka suke ɗibar na maganin gida tun da can, kasuwa ce ta zo ta rushe. Maɗaci kuma ya dace da wannan tsari, don binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin ya nuna yana cikin itatuwan da ke rufe ciwo da kyau daga gefe, saɓanin kawo da ba ya yi.

Inda aka fi daɗewa ana ja shi ne biya. Alhaji ya daina biyan buhu. Rabin kuɗi ake bayarwa ranar ɗiba, sauran rabin sai bayan shekara, in an zagaya an ga itacen da rai yana warkewa. Wani kaso na zuwa ƙungiyar mata, su ke share layin tare wuta kafin hunturu, su ke kuma renon dashe. Irin daga kurmin yake fitowa ba tare da an shiga ba: ƙwayar maɗaci na da fiffike, in kwanson ya fashe da rani iska kan watso ta waje, yaran gidan tindana su tsince, a shuka tana sabuwa. Dashen a gonakin masu ƙasa ake sa shi, saboda haka maganar baƙo ya dasa itace ba ta taso ba.

Sassaƙen da za a samu ta wannan hanya bai isa ya biya kuɗin mota ba. Don haka Alhaji ya ɗauki alkawarin sayen kalwa da man kaɗe da tsamiya da garin kuka da zuma daga hannun matan, ya cika mota da su. Kayan nan duk suna da kasuwa a zango.

2022 zuwa 2024: inda aka yi tuntuɓe

Shekara ta biyu wani mai saye ya zo da babur mai ƙafa uku, ya ba wasu samari kuɗi a hannu, suka zagaye itace shida a bakin rafi cikin dare biyu. A ƙauye baƙuwar taya ba ta ɓoyuwa, kafin azahar an san su wane ne. Tindana da sarki suka ci su tara, gidajen da itatuwan ke gonarsu suka rasa rabin kuɗinsu na ƙarshen shekara. Wannan na biyun ya fi zafi, don iyayen samarin ne suka yi asarar. Ba a sake ba, amma itatuwan shida huɗu sun mutu.

Sai makiyaya. Da rani, in ciyawa ta ƙone, ganyen maɗaci da kawo da madobiya su ne abincin shanu, Fulani kan hau su sassabe rassa. Itacen da aka yanki ɓawonsa aka kuma aske kansa a shekara guda yana wahala, 'ya'yansa ma raguwa suke. Mutanen ƙauyen da na ruga ba sa ga maciji, an sha yin rigima kan ɓarnar gona. A nan baƙuntar Alhaji ta yi rana. Shi ba ɗan ƙauyen ba, ba shi da gona, ga Hausa ta haɗa shi da ardo, ga sallah. Ya je rugar da liman, aka shirya cewa itace mai sabon ciwo ba a hawansa a wannan rani, sauran kuma a bar musu ƙololuwa. Fulanin da ke zaune sun riƙe. Masu wucewa da garke daga nesa ba su san da maganar ba, har yanzu akan samu ɓarna daga wajensu.

Na uku kuɗi ne. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100. Rabin kuɗin da aka riƙe wa mutane shekara guda ya zo hannunsu ya zama ba komai, aka fara gunaguni cewa Bahaushe ya yi musu wayo. Da abin ya kai kunnen Alhaji sai ya ce a daina ƙidaya da sidi, a ƙidaya da kwanon masara: ranar biya a tambayi farashin masara a kasuwa a biya daidai. Ya yi asara a shekarar, maganar ta mutu.

A cikin waɗannan shekaru dokoki ma sun motsa. A 2022 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga wasu ƙasashen yankin, Ghana kuma ta ayyana cewa ba za ta fitar da ita ba, taronta na Panama a Nuwamban shekarar kuma ya sa maɗaci da kawo na Afirka a jeri na biyu. Majalisar Ghana ta zartar da sabuwar dokar namun daji a 2023, wadda ta ba yankunan da al'umma ke kula da albarkatunsu, waɗanda ake kira CREMA, gindin zama a doka.

Sakamako da abin da ya jawo shi

Yau sassaƙen maɗacin da ke shigowa rumfar bai kai rabin na zamanin mahaifinsa ba, ya kuma fi na maƙwabtansa tsada. Masu sayen lori sun bar shi. 'Yan mai ganye da suka san kaya sun tsaya, don ɓawon mai kauri ne kuma ba gauraye. Madobiya babu ita a rumfar, wanda ya tambaya a ce masa babu. Ya gwada tallata ganyen maɗaci a madadin ɓawo, mutane ba su karɓa ba. Ribar da ta riƙe shi yanzu rabinta daga kalwa da man kaɗe take. A ƙauyen, itatuwan da aka yanka a shekarar farko yawancinsu sun rufe, dashen matan da suka tsallake wuta sun wuce tsawon mutum.

In aka jera yunƙurin huɗu, bambancinsu a fili yake. Ƙarin kuɗi ya gaggauta ɓarna ne, don buhu ake biya, kuma hanya mafi sauri ta cika buhu ita ce kashe itace. Doka ta tsaya a tashar jirgin ruwa da shingen hanya, ba ta isa gindin itacen ba, ga shi ta riga ta raba manomi da amfanin abin da ke gonarsa. Gonar kansa ta faɗi ne a kan abin da ɗan zango ya fi kowa sani, cewa shi baƙo ne a ƙasar wasu. Na huɗu ya yi aiki saboda abu biyu sun haɗu: waɗanda ke kwana kusa da itacen su ke da ikon hanawa da hukuntawa, kuma kuɗinsu ya rataya a kan rayuwarsa. In aka cire ɗaya, ɗayan ba zai tsaya ba. Tsoron tindana ya tsare kurmi shekaru aru-aru, amma bai hana a feƙe maɗacin gona ba sai da aka canja yadda ake biya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Ghana. A Wechiau, a bakin wannan kogi na Baƙin Volta, sarakuna da masu ƙasa ne suka kafa wa dorinar ruwa mafaka mai tsawon kilomita 40 a ƙarshen shekarun 1990, maimakon su miƙa wa gwamnati, har suka samu lambar yabo ta Equator a 2008. A Boabeng da Fiema kusa da Nkoranza, al'ada ce ta hana taɓa birai, in sun mutu ma binne su ake yi. Sai dai labarin can na da gargaɗi a cikinsa: da wasu mazauna suka shiga sabon addini suka daina jin tsoron hanin, suka fara kashe biran, sai da aka nemi dokar ƙaramar hukuma a 1975 ta tallafi al'adar.

Nan ne raunin shirin Alhaji yake. Tindanan ya tsufa ƙwarai. Samarin ƙauyen da yawa sun tafi haƙar zinariya ta galamse, waɗanda suka dawo da kuɗi ba kowace magana ta dattijo suke ji ba. Rumfa ɗaya ce kuma a cikin kasuwar da har gobe buhu take biya, ƙauyukan da ke maƙwabtaka ana ci gaba da zagaye itatuwansu. Alhaji ya yi wa abokan sana'arsa biyu tayin su shigo, ɗaya ya je ya gani, bai dawo da amsa ba.

Malamin makarantar ƙauyen ya kawo shawarar a haɗu da ƙauyuka uku na kusa a nemi rajistar CREMA, don ƙa'idodin su samu ƙarfin da kotu za ta sani. Sarki ya yarda. Tindana ya ce sai an faɗa masa wanda zai sa hannu a madadin ƙasa, da kuma ko takardar za ta ba wani ma'aikaci ikon shiga kurmin. An tura tambayar gunduma, ana jiran amsa.